Kundin gyaran sautin kwamfutar shago a Tawa bayan sabunta Ubuntu

Litinin, 6 ga Janairu 2025

Tun daren Asabar da na ɗaga babbar manhajar kwamfutar shago daga Ubuntu 22.04 zuwa 24.04, lasifika ba ta sake cewa uffan ba. Kwamfutar ta tebur ce, ta gwanjo, katin sautinta a manne yake jikin babban allonta, guntunsa na Realtek, kuma da ita nake juye tsofaffin kaset zuwa fayil. Sabuntawar ta zama dole saboda sabuwar na'urar buga takardu da na saya, ga shi kuma 24.04 za ta ci gaba da samun gyare-gyaren tsaro har 2029, alhali na 22.04 zai tsaya a 2027.

Abin da ya sa matsalar ta tsaya mini a rai shi ne aikin da ke hannuna. Iyalan wani malami marigayi na nan Tawa sun kawo kwali mai kaset 58 na tafsirin da ya yi a shekarun baya, suna so a gama juyewa kafin azumi, wanda ake sa ran kamawarsa a farkon Maris, domin a raba wa almajiransa ta waya. Na juye 11 kafin sabuntawar, saura 47. Yau da na buɗe saitin sauti, a gurbin sunan katin sai na tarar da "Sortie factice", da yake kwamfutar da Faransanci take, kuma wannan rubutu ne tsarin ke nunawa idan bai ga katin sauti ko ɗaya ba.

Talata, 7 ga Janairu

Kafin in taɓa kome na zauna na jera hanyar da sauti ke bi a takarda. A can ƙasa akwai katin kansa, sai direbansa, wato ɗan shirin da ke sarrafa katin, da ke cikin kanel, zuciyar babbar manhaja, ƙarƙashin sashenta na sauti mai suna ALSA, sai manhajar da ke raba sauti tsakanin shirye-shirye, wadda a 22.04 PulseAudio ce, a 24.04 kuwa PipeWire ce, sannan a sama shirin da ake ɗaukar murya da shi, wato Audacity a wurina. Kamar mai neman inda bututun ruwa ya toshe, na ƙudurta in fara daga tushe in biyo hanya gaɓa gaɓa, kuma kada in canza abu biyu a lokaci guda.

Umarnin lspci ya nuna na'urar sauti ta Intel, wadda guntun Realtek ɗin ke haɗe da ita, tana nan a jerin kayan da ke jikin allo, amma aplay -l ya ce bai sami katin sauti ba. Ke nan kwamfutar ta san ƙarfen yana nan, sai dai babu direban da ya kama shi. Domin in tabbatar katin bai mutu ba, na sake tayar da ita, na shiga jerin zaɓin GRUB, wanda ake zaɓar kanel a cikinsa lokacin tashin kwamfuta, na zaɓi tsohon kanel da sabuntawar ta bari. A can aplay -l ya jero katin nan take. Wannan ya kwantar mini da hankali ƙwarai, domin da katin ne ya ƙone, da maganar ta koma ta kuɗi da jiran saƙo daga Yamai.

Laraba, 8 ga Janairu

Da dare na kira wani yayana a harkar, wanda ke kula da kwamfutocin wata ma'aikata a Yamai, na karanta masa abin da na gani. Tambayarsa ta farko ita ce: "Ƙanena, sabuntawar ta kai ƙarshe lafiya, ko wani abu ya katse ta?" Na ce masa, "Yaya, wuta ta ɗauke ana dab da gamawa, amma da ta dawo na ba da dpkg --configure -a, kuma kwamfutar ta tashi." Sai ya ce in gwada ɗora direban da hannu da modprobe snd-hda-intel. Amsar da ta fito ita ce babu wannan direba a sabon kanel na jerin 6.8.

Bayanin da ya yi mini shi ne, a kanel na jerin 6.8 Ubuntu ta raba direbobin kanel gida biyu, kuma na sauti suna cikin ƙunshi na biyu mai suna linux-modules-extra, wanda dole lambarsa ta dace da ta kanel ɗin da ke aiki. Ɗaukewar wuta ta sa kanel ya shiga, ƙunshin na biyu bai shiga ba. Na sayi intanet na jikka 2, na sauke ƙunshin mai lambar da uname -r ya nuna, na sake tayar da kwamfutar. Yanzu aplay -l yana ganin katin, kuma da na gwada speaker-test kai tsaye a kansa, na ji shuuu a lasifikar hagu, sannan ta dama. Gaɓa ta farko ta warware.

Alhamis, 9 ga Janairu

Buga takardun 'yan makaranta ya cinye yinin, ban taɓa batun sauti ba.

Asabar, 11 ga Janairu

An gudu ba a tsira ba. Katin yana magana idan aka tunkare shi kai tsaye, amma bidiyo da fayilolin da na riga na juye duk shiru, kuma saitin sauti bai daina nuna babu kati ba. Na hau gaɓa ta gaba. Umarnin wpctl status, wanda ya kamata ya jero na'urorin da PipeWire ke gani, bai ma kasance a kwamfutar ba, abin da ya nuna WirePlumber bai shiga ba, alhali shi ne ke gano katuna ya haɗa su da shirye-shirye. PipeWire ba tare da shi ba tana tashi, amma ba ta da na'urar da za ta miƙa wa kowa. Ga kuma ragowar tsohuwar PulseAudio tana nan, ba a cire ta ba.

Na sauke ƙunshin pipewire-audio, wanda ya jawo wireplumber da pipewire-pulse da pipewire-alsa, ya kuma kawar da tsohuwar. Kundin tsohon saiti da ke ~/.config/pulse ban goge shi ba, na canza masa suna ne kawai na ajiye shi gefe, ko wata rana a buƙace shi. Bayan sake tayarwa, pactl info ya nuna "PulseAudio (on PipeWire 1.0.5)", wanda shi ne alamar sabuwar manhajar ta karɓi aiki tana amsa wa shirye-shiryen da suka saba da tsohuwar.

Duk da haka ban ji kome ba a tashin farko, sai da na lura tsarin ya tura sautin ta wayar HDMI zuwa allon kallo, wanda ba shi da lasifika. Na mayar da shi ramin kore na bayan kwamfuta ta pavucontrol, shirin zaɓar mafita da mashigar sauti, sai ga muryar Malam ta cika shagon daga kaset na 11.

Litinin, 13 ga Janairu

Ji ya samu, ɗauka ta ƙi. Na haɗa rakoda da ramin shuɗi na shigar da sauti kamar kullum, na kunna kaset na 12, Audacity tana tafiya amma layin da take zanawa a miƙe yake, babu ko ɗigon motsi. Abubuwa biyu ne suka haɗu. Na farko, a pavucontrol an ɗora katin a kan yanayin fitarwa kaɗai, sai da na mayar da shi yanayin da ke fitarwa yana kuma karɓa. Na biyu yana cikin alsamixer, shirin saitin katin kansa: bayan na zaɓi katin da F6 na shiga ɓangaren ɗauka da F4, na tarar an karkata mashigar sauti zuwa makirufon gaba, ba ramin shuɗi ba, kuma ɗaukar kanta a kashe take. Na gyara duka biyu, na rage ƙarin ƙarfin da ke kan mashigar zuwa sifili, domin abin da ke fitowa daga rakoda yana da ƙarfinsa, ƙari sai dai ya fasa muryar. Na adana saitin da alsactl store.

Wanda ke sauraro kawai zai ɗauka gyara ya ƙare tun ranar Asabar, amma ga mai juye kaset, rabin aikin katin yana ɓangaren shiga ne, kuma kusan duk bayanan da na karanta a intanet a kan lasifika suke tsayawa.

Alhamis, 16 ga Janairu

Babban ɗan marigayin ya biyo bayan la'asar. Bayan gaisuwa ya ce, "Malam, ina aka kwana a kan kaset ɗin Baba?" Na ce, "Alhaji, na'ura ce ta ba da matsala, amma ta fara dawowa, kuma kaset ɗin suna nan a kwalinsu, babu wanda ya taɓu." Na sa masa wanda na juye jiya a kunne. Ya saurara na ɗan lokaci, sannan ya cire ya ce yana jin kamar muryar tana tsallake wasu haruffa, kuma a karatun Alƙur'ani ba a wasa da harafi. Gaskiyarsa. Na yi masa alkawarin ba zan ba shi ko fayil ɗaya mai irin wannan aibi ba.

Asabar, 18 ga Janairu

Wannan ce matsala mafi wuya da na ci karo da ita zuwa yanzu, domin ba kullum take bayyana ba. Ana iya minti biyar lafiya lau, sai a ji ɗan ƙaras, wata gaɓar kalma ta ɓace. Da farko na zargi kaset ɗin, tun da sun daɗe a ajiye cikin zafi, amma da na saurari wurin kai tsaye daga rakoda, karatun cikakke ne, kuma da na sake ɗaukar wurin, tsallaken ya koma wani wuri dabam. Aibin da ke sauya wuri ba a jikin zaren kaset yake ba.

Na buɗe pw-top, mai nuna yadda aikin PipeWire ke tafiya, a gefe ina ɗauka ina kallo. Akwai layin da ke ƙirga kurakurai, kuma duk lokacin da na ji ƙaras ɗin, lambar sai ta ƙaru, musamman idan yaron shago ya buɗe wata babbar takarda ko ya aika aiki ga na'urar bugawa. Dalilin a fili yake idan aka yi lissafi. PipeWire tana aiki ne a kan awo 48,000 a daƙiƙa, tana kwasar sauti ƙunshi ƙunshi, kowane ƙunshi awo 1,024, wato kwamfutar tana da kusan kashi 21 cikin 1,000 na daƙiƙa ta kwashe ƙunshi kafin na gaba ya iso. Idan wani aiki ya riƙe ta ta makara, wannan guntun ya tafi ke nan. Ga masu kiɗa kai tsaye gajeren ƙunshi yana da amfani saboda ba sa son jinkiri, amma ni da nake juye kaset, jinkirin ƙiftawar ido ba ya rage ni da kome.

Na ninka ƙunshin zuwa 2,048 da umarnin pw-metadata domin gwaji, na ɗauki gefe guda na kaset mai minti 90 ba tare da ƙirgar ta motsa ba, sannan na rubuta saitin a ɗan fayil cikin ~/.config/pipewire/pipewire.conf.d domin ya zauna. Na kuma mayar da Audacity daga 44,100 zuwa 48,000, saboda kada a riƙa juya awon a hanya ba dalili, na zaɓar mata mashigar pipewire maimakon ta kama katin kai tsaye, abin da a baya yake sa ta ce wani shiri ya riƙe na'urar. Kaset 12 zuwa 15 duk sai an sake su. Dokar shago daga yau: ba a buga takarda lokacin da ake ɗauka.

Laraba, 22 ga Janairu

Wata ƙaramar damuwa: duk sanda sauti zai fara bayan ɗan shiru, lasifika takan yi ɗas da ƙarfi. Direban snd_hda_intel yana da tsarin tattalin wuta da ke kwantar da katin idan ba a amfani da shi, kuma farkawar ce ke yin ƙarar. Ga kwamfutar tafi-da-gidanka wannan yana tsawaita batir, ga ta tebur kuwa amfaninsa kaɗan ne. Na rubuta options snd_hda_intel power_save=0 a sabon fayil cikin /etc/modprobe.d, na sake tayarwa, ƙarar ta tafi. An kai kaset na 19.

Lahadi, 26 ga Janairu

Yanzu da tsallake da ɗas suka kau, sai kunnena ya kama wani abu da suke rufewa: gunji mai kauri a ƙarƙashin murya, wanda ya fi fitowa idan Malam ya yi shiru tsakanin aya da fassara. Na koma na saurari fayilolin da na juye tun kafin sabuntawa, sai na ji shi a cikinsu su ma, ko da yake bai kai haka ba. Ashe wannan ba laifin sabuwar manhaja ba ne. Na zaɓi wurin shiru na sa Audacity ta zana yadda sautin ya rarrabu, sai ga tsauni a kan 50, da ƙanana a kan 100 da 150. Wutar gidajenmu a Nijar mai bugu 50 ce a daƙiƙa, saboda haka gunjin na lantarki ne ke shiga wayar.

Da yake yau ranar kasuwa ce, na aiki yaro ya sayo manyan batura shida na jikka 1 da rabi. Na zare rakoda daga soket na kunna ta da su, gunjin ya ragu sosai amma bai mutu ba. Sannan na tuna cewa idan mutum ya taɓa ƙarfen bayan kwamfutar ba takalmi a ƙafarsa, yakan ji tana ɗan ja. Ina kyautata zaton soket ɗin shagon ba shi da wayar ƙasa.

Asabar, 1 ga Fabrairu

A makon da ya gabata na tura jikka 6 Yamai aka sayo mini ɗan katin sauti na USB, da fatan fitar da ɗaukar daga cikin akwatin kwamfuta zai rage gunjin, na kuma biya jikka 1 na aikowa ta motar fasinja. Yau ya iso. Ubuntu ta gane shi nan take ba tare da an sauke kome ba, domin irin waɗannan suna bin ƙa'idar sauti ta USB da kanel ya riga ya sani. Sai dai ramuka biyu gare shi, na kunne da na makirufo, kuma ramin makirufo an yi shi ne domin sauti mai rauni ƙwarai, hanya guda. Da na haɗa rakoda, muryar ta fashe tun kafin in ɗaga ƙara, da na rage sosai kuma sai shuuu ya rinjayi karatun. Bai dace da wannan aiki ba. Zan ajiye shi domin masu zuwa kiran bidiyo. Duk wanda zai sayi irin wannan domin juye kaset, ya tabbatar yana da mashigar layi, irin ramin shuɗin nan ko tagwayen ramuka ja da fari.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Mai gyaran wuta ya zo da safe, ya buɗe soket, ya tabbatar waya biyu ce kawai a ciki. Ya kafa sandar ƙarfe mai rufin tagulla a bayan shago, ya jawo waya ta uku zuwa soket ɗaya da kwamfuta da rakoda za su riƙa sha tare. Ya ce mini, "Maigida, ƙasar Adar a wannan lokaci busasshiya ce ƙwarai, ba ta karɓar wuta da kyau, sai ka riƙa zuba ruwa a gindin sandar lokaci lokaci har damina ta sauka." Kaya da aiki sun tashi jikka 14.

Jan da akwatin ke yi ya daina. Na sake zana wurin shiru, tsaunin 50 ya faɗi ƙasa da shuuu na kaset ɗin kansa, ko da rakoda tana kan soket. Na canza wayar haɗi da gajera mai rufi, na raba hanyarta da wayoyin wuta. Ga fayilolin da aka riga aka juye, na gwada matatar Audacity mai yanke bugu guda a kan 50 da 100, ta yi aiki ba tare da ta taɓa murya sosai ba, amma ra'ayina shi ne a sake ɗaukar su daga kaset idan lokaci ya bari, domin abin da aka ɗauka da tsabta ya fi abin da aka wanke.

Kuɗin da aka kashe zuwa yau: intanet jikka 2, batura 1 da rabi, katin USB da aikowa 7, wayar ƙasa 14, wayar haɗi 1. Jimla jikka 25 da rabi.

Litinin, 10 ga Fabrairu

Lasifika ta riƙa ɗaukewa tana dawowa da kanta. Ƙurar hunturu ce ta cika ramin kunne na gaba, katin yana ɗauka an cusa abin ji, sai ya kashe na baya. Na hure ramin, na kashe Auto-Mute a alsamixer, na ɗinka wa akwatin rigar yadi ta dare. An kai kaset na 34.

Juma'a, 14 ga Fabrairu

Alhaji ya saurari kaset na 12 da aka sake, daga farko har inda aka juya gefe, ya ce haruffa sun cika. Ya nemi a fara ba shi waɗanda suka kammala domin wani almajirin Malam ya bi su ya rubuta surar da ke cikin kowanne, tun da rubutun jikin kaset da yawa ya goge.

Litinin, 17 ga Fabrairu

An juye 44, saura 14, biyu daga ciki zarensu ya tsinke, sai an buɗe an liƙa. A awo 48,000 hanya biyu, kowane minti yana cin kusan mega 11 da rabi, kaset mai minti 90 kuwa kusan giga 1, saboda haka ina ajiye asalin a FLAC, wanda ke rage girman ba tare da zubar da kome ba, sannan in fitar da MP3 mai hanya guda domin turawa ta WhatsApp. Ina bukatar faifan ajiya na waje kafin ƙarshen mako, domin a yanzu kwafi ɗaya ne tak a cikin kwamfutar, kuma zan nemi iyalan su ɗauki rabin kuɗinsa tun da a hannunsu zai zauna.

Fayilolin saiti biyu da na rubuta, na PipeWire da na direba, na kwafe su a ƙaramar ma'ajiyar USB tare da jerin umarnin da ke cikin wannan kundi. Ba zan karɓi sabon kanel ba sai an gama kaset na 58, kuma kafin sabuntawa ta gaba sai na sayi na'urar riƙe wuta. Kaset 11 na farko za a sake ɗaukar su a makon ƙarshe na Fabrairu, bayan an gama da masu tsinkakken zare.